Sawun Zabuwa a Jikin Inji

Katafila ta cinye Sauka-ka-tura. Ba labari aka ba ni ba, ina tsaye ta yi ta ɗibar yashin tana turewa gefe kamar mace na share tsakar gida, har tudun da ya sha gumin kakana da na ubana da nawa ya kwanta ya zama shimfiɗa. Yanzu an malala kwalta a kai. Shekaranjiya ɗana ya goyo ni a baburinsa mai caji, irin wanda ba ya tari ba ya atishawa, sai dai ka ga mutum ya gifta ka shiru kamar aljani, muka bi ta wurin. Na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Ya ce, "Abba, me aka yi a nan?" Na duba gabas na duba yamma, ko kukar da muke hutawa a gindinta babu. Na ce masa, "A nan aka yi maza." Ya yi dariya, don a gidan nan ko sallama na yi sai an tace ta an zubar da rabi. To, bari in rubuta, mai tacewa ya kawo rariyarsa.

Ƙauyenmu yana can bayan Ɗanzomo, inda ƙasa ta gaji ta miƙa wa yashi ragama, kuma duk mai son cin kasuwar Maigatari daga wajenmu dole ya haura wannan tudu. Yaran yanzu in na ce musu daga ƙwanƙolinsa ana hango hayaƙin tuwon matan Damagaram, sai su ce ƙari na yi. Na yarda, hayaƙin kunu ne. Amma akuya da kanta sai ta tsaya a tsakiya ta mai da numfashi, jaki kuwa tun daga nesa yake fara tunanin makomarsa. Mahaifina sana'arsa igiya. Tun rana ba ta yi zafi ba za ka ji ana dukan rama a bayan turmi, ruwan jiƙon kaba yana tashi da warinsa a bayan ɗaki, shi kuma yana zaure ya naɗe wando yana tufka a cinya, sur, sur, sur, har cinyar ta yi sulɓi ko gashi ɗaya babu. Ni ke riƙe bakin igiyar ina ja da baya, in mai tsawo ce har in fita zaure in gaisa da maƙwabta in dawo. A kasuwar kara, wato inda ake cinikin dabbobi, mai sayarwa da igiyarsa yake komawa gida, saboda haka duk bajimin da aka sallama sai an nema masa sabuwa. Mai igiyar da ya riga zuwa shi ke da kasuwa, wanda ya makara sai ya tarar kowane bajimi ya riga ya yi ado. Yau ta roba ce ko'ina, shuɗiya da ruwan ɗorawa, tana yanka wuyan dabba, ba wanda ya san hannun da ya yi ta. A da kuwa dillali zai shafa igiya ido rufe ya gaya maka gidan da ta fito.

Abin hawanmu wani ɗan babur ne mai feda, irin wanda mutanen tsallaken iyaka ke kira mobilet. Injinsa bai fi butar alwala ba, kukansa siriri, shi ya sa yaran gari suka raɗa masa Sauro. Ba shi da lamba, ba shi da takarda. A wancan lokaci irinsa a wajenmu sahun keke ake sa shi, ma'aikata in sun gan shi ko hannu ba sa ɗagawa, sai dai su yi wa Baba sannu da tausayi. A ƙasa mai tauri Sauro jarumi ne, har kaza yana iya wucewa in ba ta shirya ba. Amma da zarar ya hango tudun sai muryarsa ta canza. Baba ya miƙe a kan feda yana takawa yana salati, ni in diro in sa kafaɗa, ga igiyoyi jibge a kariya sun fi mu tsawo, ga yashi yana haɗiye ƙafa har idon sawu, Sauro yana kuka kamar ana cire masa haƙori. Wannan turin shi ya gina min ƙirjin da har yau matata take tinƙaho da shi, ko da yake ya ɗan zazzago ƙasa.

Wata Alhamis wata tsohuwa mai daddawa ta zo a kan jakinta ta wuce mu a gindin tudu, ta ce, "Sannunku da aiki." Ta je kasuwa, ta sayar, ta yi cefane, ta dawo, ta same mu mun kusa ƙwanƙoli. Ta ja linzami ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Har yanzu dai? Allah ya kai ku kafin damina." Baba ya ci gaba da taka feda. Ranar da rabin igiyoyinmu muka dawo gida. Da kaka ta yi aka sayar da riɗi, sai ya ce min in shirya, Sauro zai sami sabuwar zuciya.

A gidan fatomanmu aka yi cinikin. Yaran yanzu ba su san fatoma ba sosai. Shi ne mai masaukin baƙin kasuwa: baƙo ya sauka a gidansa, ya ci ya sha, shi zai tsaya masa a ciniki, in kuma abin da ya sayar ya jawo rigima, rigar fatoma ake kamawa. Baƙon wani Badamagare ne dogo siriri, ya zo da injin babban babur a cikin buhu. Baba ya duba shi yadda ake duba dabba. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya girgiza ya kasa kunne, ya sansana, ya leƙa ramin filogi kamar mai ƙirga haƙoran raƙumi. Aka taya, aka yi albarka, aka sake tayawa, aka sallama, fatoma ya haɗa hannuwansu ya ce Allah ya amfana. Takarda kuwa ba wanda ya ambace ta. A lokacin wa ya taɓa sayen sa da takarda?

Wani bakanike a Gumel ya yi aikin. Ya yanke, ya yi walda, ya cire fedar ya jefar, ya sa wurin ɗora ƙafa. Da ya taka shi ya tashi, tattabarun unguwar suka yi sama ba su sauko ba sai bayan Sallah, karnukan Gagarawa Tasha suka amsa daga can. Bakaniken ya goge hannu ya ce, "Baba, wannan fa ya tashi daga keke. Da ƙaramin inji ba ruwan kowa da kai, amma yanzu cikakken babur ne. Sai ka kai shi ofis a duba shi, a rubuta lambar inji da ta gangar jiki, a ba ka takardu da lamba, kai ma ka yanki lasin." Na zaci Baba zai ɓata rai. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe girma ya zo masa. Za mu je. Amma ba zan kai shi gaban hukuma ba shaida a jikinsa ba, a ce daga gidan da ba kowa ya fito."

Gidanmu yana da shaida tun kaka da kakanni, zane uku da suka haɗu a gindi, ana ce mata sawun zabuwa. Tana cinyar jakunanmu, tana ƙotar fartanya, tana bayan ƙoren Inna, tana gindin turmi. Ni kaina gudu ne ya cece ni. Mai buga ta da kurfi, ƙarfen da ake kafawa a doka da guduma, maƙerin garinmu ne, taubashin Baba, wanda ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi zagi ba. Yana ganinmu ya ajiye zuga-zugi ya ce, "Bawana ya yi arziki. Wa ka cuta?"

Baba ya ce, "Kai dai ɗauko kurfinka, in hannunka bai fara rawa ba."

Maƙerin ya zagaya injin yana shafawa, duk jikinsa tudu da kwari, sai can ƙasa ya sami wuri. Ya ce, "Ga wani fili nan an share shi sumul, sai dai akwai ɗan rubutu."

Baba ya sunkuya ya duba. Ya ce, "Shaidar Badamagaren ce. Ya sayar, tasa ta ƙare. Ɗora tamu a kai, yadda kowa zai san ya sake gida."

Guduma ta sauka sau uku. Zabuwa ta taka tsakiyar rubutun, sawu ya fito raɗau. Suka ja da baya suna yaba aiki, har Baba ya ce ashe tsohon banza bai gama lalacewa ba.

Ofishin duba ababen hawa na Gumel yana da wata babbar darbejiya a gaba. Ma'aikacin da ya karɓe mu mutum ne mai sanyin magana, farar riga, fensir a bayan kunne. Ya duba birki, ya duba fitila, ya yaba waldar. Sannan ya durƙusa ya ɗora 'yar takarda a kan filin nan ya dinga goga fensir, don lambar ta fito a jiki. Ta fito, farkonta da ƙarshenta. A tsakiya kuwa ga sawun tsuntsu. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Baba, mene ne wannan?"

Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Shaidar gidanmu ce, ranka ya daɗe. Duk ƙasar Sule Tankarkar an san ta."

"A ina aka sayi injin?"

"A Maigatari, a gaban mutane."

"Ina takardarsa?"

"Mun yi hannu."

Mutumin ya miƙe ya kaɗe gwiwa. Ya ce, "Baba, ban ce kai ɓarawo ba ne, fuskarka ba ta nuna haka ba. Amma rubutun nan ba na Badamagare ba ne, sunan injin ne tun daga inda aka ƙera shi. Masu satar babur abin da suke fara yi ke nan, su ɓata shi. Ba ni da ikon yi wa injin da lambarsa ta ɓaci rajista, ba ni kuma da ikon barin sa ya fita daga nan sai an kawo min shaidar inda ya fito." Aka tura Sauro gindin darbejiya, aka sa masa sarƙa a cikin baburan da aka kama.

A motar kasuwa muka koma, amma labari ya riga mu sauka. A Gumel inji ɗaya ne. Kafin ya kai Ɗanzomo ya zama babura uku, a bakin rijiyar garinmu kuwa har da saniya. A nan dai wasa ya ƙare min. Mai igiya da sunansa yake cin kasuwar kara, don kowa ya san ɓarawon shanu igiya yake fara nema, kuma dillalin da ke tsoron rigarsa ba zai tsaya a inuwar wanda aka ce an kama da kayan sata ba. Zaurenmu ya yi tsit. Kaba ta jiƙu har ta ruɓe ba a tsame ta ba. Maƙeri ya zo ya zauna, karo na farko a rayuwarsu ba wanda ya zagi wani. Alhamis ta zagayo, Inna ta ce ko a jaki a kai igiyoyin da suka rage. Baba yana kallon ƙasa ya ce, "Da wane ido zan kalli kara?"

Na ɗauki gora da sanda na kama hanyar Maigatari a ƙasa. Ranar na haura Sauka-ka-tura ba na tura komai, kuma ban taɓa jin nauyinsa kamar ranar ba. Na sami fatoma a zaurensa cikin baƙi, ana dama fura. Na durƙusa na zayyana masa. Bai katse ni ba har na gama.

Ya ce, "Ɗan mai igiya, a gidana aka sayi injin?"

Na ce, "A gidanka, Baba Alhaji."

"A gabana aka sallama?"

"A gabanka."

Ya ajiye ludayi. Ya ce, "To ba sunan ubanka ne ke ɗaure a gindin bishiya a Gumel ba, nawa ne. Sha fura." Kafin in kai ƙasan ƙwarya ya riga ya aika wa Badamagare ta bakin masu korar shanu da za su koma arewa.

Kasuwa mai zuwa sai ga Badamagare. Ba shi kaɗai ba. Yana gaba, amalanken shanu na biye, a kai an ɗaure wani tarkacen ƙarfe da ya lanƙwashe kamar an matse tsumma. Mutane suka taru. Fatoma ya ce, "Takarda aka ce ka kawo, mene ne wannan?"

Badamagare ya ce, "Maigida, a wajenmu in dabbar kiwo ta mutu, makiyayi fatarta yake kawo wa mai ita, ya ga shaida da idonsa, ya san ba sayarwa aka yi ba. Ga fatar." Ashe baburinsa ne, ya jingine shi a inuwa raƙuminsa ya zo ya zauna a kai, inji kaɗai ya tsira. Ya zura hannu cikin riga ya zaro wata jakar fata kamar laya, a ciki akwai takarda mai ruwan toka da suke kira katgiriz, wadda hukumarsu ke rubuta sunan mai babur da lambobinsa. Ya ce shi bai yi tafiyar nan don inji ba, ya yi ta ne don kada a ce mutumin Damagaram ya sayar da abin da ba nasa ba.

Yadda muka shiga Gumel har yau ban ga ɗaurin auren da ya kai shi ba. Gawar babur a bayan akori-kura, fatoma a gaba da rawaninsa, Badamagare da takardarsa a ƙirji, maƙeri ya rungumo kurfi da guduma wai ya kawo masu laifi, Baba a tsakiya cikin babbar rigarsa ta Idi. Ma'aikacin ya fito ya ga taro, ya cire fensir daga kunne. Ya hau motar ya duba lambar da ke jikin gawar, ta yi daidai da ta takarda. Ya sauko ya kwance Sauro, ya sake goga fensir, ya jera da lambar injin da ke takardar. Farko ya hau farko, ƙarshe ya hau ƙarshe, abin da zabuwa ta take a tsakiya takarda ta faɗa. Ya sa kowa ya maimaita abin da ya sani. Da aka zo kan maƙeri sai ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka yarda yanzu in goge ta da magagari, ko alama ba za a gani ba."

Ma'aikacin ya tare shi da hannu biyu ya ce, "Ka rufa mana asiri, kada ka ƙara taɓa shi."

Ya tura mu kotu aka yi takardar rantsuwa, aka je aka biya abin da hukuma ke karɓa kan kayan da suka tsallako iyaka, Baba ya zagaya fili a gabansa aka ba shi lasin. Da ya zo cike takardun, a gurbin da ake rubuta wata alama ta daban, ya rubuta da hannunsa: sawun zabuwa. Ya miƙo lambar tana ƙyalli ya ce, "Baba, duk ƙasar Gumel baburinka ne kaɗai ɓarawo zai gani ya kauce." Baba ya karɓa da hannu biyu. Bakanike ya ɗaure ta da noti, amma Baba bai yarda da noti ba, sai da ya ƙara mata da igiyar rama ta hannunsa.

Alhamis ɗin da ta biyo, muka yi lodin da ba mu taɓa yi ba, don cinyar Baba ta rama duk kwanakin da ta huta. Da muka iso gindin tudu jikina da kansa ya fara zamewa zai sauka. Baba bai waiwayo ba ya ce, "Zauna." Ya murɗa totur. Yashi ya yi feshi a bayanmu har ya rufe rana, muka kama hawa, ni ina zaune kamar ɗan sarki, ƙafafun Baba kuwa suna ta juyawa a iska suna neman fedar da aka jefar. A tsakiyar tudu sai ga tsohuwa mai daddawa, jakinta ya tsaya yana tunani. Baba ya sassauta, ya sa hannu a ƙirji cikin ladabi ya ce, "Sannu da aiki, Iya. Allah ya kai ki kafin damina."

Muka isa kara ana sauke shanun farko. Baba ya kafe Sauro a bakin ƙofa, lamba tana kallon jama'a, ya shimfiɗa buhu ya zauna. Da fari ba wanda ya matso, ana dai kallo ta wutsiyar ido. Sai ga fatoma ya keto taro, ya ɗaga murya yadda har raƙuman can ƙarshe za su ji, ya ce a ba shi dami guda na baƙinsa, kuma duk mai son ganin shaidar gidan da hukuma ta rubuta a takarda ya zo ya sunkuya. Dillalai suka yi layi suna sunkuyo. Duk wanda ya ɗago sai ya ɗago da igiya a hannu. Kafin rana ta take tsaka buhu ya rage wayam, har wadda ta ɗaure lamba sai da aka taya. Maƙeri ya ce ai duk albarkacin kurfinsa ne, Baba ya ce masa tsohon banza, na san lafiya ta dawo gida.

Baba ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa, Allah ya ji ƙansa, fatoma da maƙeri sun bi shi. Gangar jikin Sauro tsatsa ta gama da ita. Injin dai yana zaurena, a kansa nake zama in yi alwala, 'yan gwangwan sun taya har sun gaji sun koma gaishe shi kawai. Yanzu yaro ya sayi babur a kwali, takardunsa a leda, ba wanda ya haɗa hannunsa da na kowa, in rigima ta taso ba rigar da za a kama.

Da muka dawo shekaranjiya, ɗana ya jona baburinsa a wuta ya shiga ciki. Na lalubo kurfin maƙeri, wanda 'ya'yansa suka bar min, na ɗauko guduma. Ƙarar ƙarfen ce ta fito da shi da gudu ba takalmi. Ya ce, "Abba, don Allah, sabo ne fa."

Na ce, "Na sani. Nuna min inda lambar take."

Ya nuna da yatsa. Na auna tafin hannu guda daga nan, na kafa kurfi.